Shafin da Wietske Ta So a Gyara

Ƙawata Wietske ce ke rubuta bayanai a shafin intanet na ƙaramar hukumarmu. Ranar kasuwa takan tare tsofaffi da kofi, ta miƙa musu waya ta ce, "Kaka, a ce mijinki ya rasu, nemo mini inda za ki sanar." Ba mai samu, don hoton magajin gari ya cika shafin farko.

Ta sha kai ƙorafi. Oganta yakan ce, "Wietske, matattu ai ba sa sauri."

"Masu rai fa, yallaɓai?"

Da ta rasu, ni na zauna neman wurin sanarwar. Ina kuka ina latsawa, magajin gari yana mini murmushi. Da na gaji, sai na hau kekenta na tafi ofishin.