Fitilar Kakana

Warin kananzir har yau yana mayar da ni daminar da ta biyo bayan saukar tutar Faransa, lokacin da muka baro Barmu muka zauna Tawa. Kakana, mahaifin uwata, ɗan gidan sarauta ne, amma Nasara sun tuɓe rawanin ubansa tun yana saurayi. Da aka ce mulki ya dawo hannun baƙar fata, sai ya sa rai.

Kusa da gidanmu akwai wani tela, mutumin Maraɗi, mai bin addinin Almasihu. Shi da kakana sukan zauna a zaure suna gardama, ba faɗa. Wata la'asar na ji yana cewa:

"Baba, littafinmu ya ce Allah ya yi wa Annabi Dauda alkawari, hitilar gidanai ba ta mutuwa."

Kakana ya ce, "To, mu ma tamu ba ta mutu ba."

Akwai fitilar ƙwai guda a gidan, ni kuma ke kula da ita. Daga ranar na ɗauka sarautar tana cikinta. Kowace magariba in goge ƙwan da tsumma, in datse lagwani. Ko iska ban yarda ta taɓa ta ba. Ɗan kawuna, tsarana, yana can yana wasan langa.

Da kaka ta yi, aka ce a kawo yaro ɗaya lakwal, wato makarantar boko, wanda gida zai tsaya da shi in rawani ya dawo. Na wanke ƙafafuna tun da safe. Kakana ya dafa kan ɗan kawuna.

"Ga hitilar gida."

Na ce, "Kaka, ni fa ke kunna ta."

Tela ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Yaro, hitilar ba ta kananzir ba ce. Ɗa ake nuhi, ɗan ɗa. Kai ɗan ɗiya ne."

Shi ya ɗinka masa rigar makaranta. Ni na riƙe masa bakin yadin.

Yanzu da furfura nake zuwa ajin manya, ina haɗa baƙi da wasali a hankali. Ba na gaggawa. Amma in na ga sa hannun ɗan kawuna, mai lanƙwasa kamar igiyar guga, nakan kau da kai.

Rawani bai dawo ba. Ƙwan fitila ya fashe, gidan an sa lantarki. Kakana ya tafi, tela ya koma garinsu. Ni kuwa na rasa makaranta, da wasan langa, da hannun tsoho a kaina.