Yatsu Uku na Zelia Rebelo

Kafin Zelia Rebelo ta taɓa karta, shekara shida ta yi tana fasa kashu a wata masana'anta da ke bayan garin Ponda. Man kashu ya ƙone mata fatar yatsu har suka yi baƙi, amma aikin ya koya mata sauri. Ranar da ta je neman aiki a jirgin cacar nan da ke tsaye a tsakiyar kogin Mandovi, mai ɗaukar ma'aikata ya dubi hannunta ya yamutsa fuska, sannan ya miƙa mata karta ya ce ta raba wa kujeru bakwai. Ko sunan katin farko ba ta sani ba, amma kafin ya gama gyara tabarau ta gama rabawa. Ya ce ta dawo ranar Litinin, kuma ta nemi man shafawa.

Uwarta ba ta so ba ko kaɗan. "Gidan caca, 'yar nan? Me zan gaya wa limamin coci ranar Lahadi?"

"Ki ce masa rabawa kawai nake yi, Mama. Ba ni ke cacar ba."

Kuma ta riƙe maganarta. Shekara goma sha tara ta yi tana rabawa a jirgin, ko rupi ɗaya ba ta taɓa azawa a tebur ba.

Aikin ba irin wanda mutanen gari suke zato ba ne. Rigar aiki ba ta da aljihu. Ba zobe, ba dogon farce. Duk lokacin da za ka bar tebur sai ka tafa hannu, ka buɗe tafukanka ka nuna wa kyamarar da ke saman kanka. Minti arba'in kana tsaye, minti ashirin ka huta, ka sake dawowa. Wanda ya ci ya ce kai ɗan albarka ne, wanda aka cinye ya zagi uwarka, kuma dukansu murmushi iri ɗaya za ka yi musu. Zelia ta iya wannan murmushin har ya zama ba ta san tana yin sa ba. A cikin aikin ta auri Inacio, mai gyaran babur a Ribandar, ta haifi 'ya mace, ta gyara rufin gidansu da ke yoyo. Bayan shekara goma tana aikin dare aka mayar da ita aikin rana. Ƙarfe takwas take shiga kwale-kwalen ma'aikata, la'asar sakaliya ta dawo ta tarar da shinkafa da miyar kifi.

A daminar da ta cika shekara arba'in da huɗu ne abin ya fara. Babban yatsanta na hagu da biyun da ke kusa da shi suka riƙa yin kamar tururuwa na tafiya a ciki. Daga nan suka fara mutuwa. Ga shi da hannun hagu ake zaro karta daga akwati, kuma yatsa ne ke gaya wa mai rabawa ko kati ɗaya ya ja ko biyu, ba ido ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ga yadda aka yi da wasu da idonsu ya raunana, an yi musu godiya, an ba su agogon bango, shi ke nan. Ita kuwa ban da wannan aikin me ta iya?

Inacio ne ya fara lura. Wata safiya kofi ya suɓuce mata ya tarwatse a ƙasa.

"Na uku ke nan a watan nan," in ji shi.

"Sabulu ne."

"Sabulun ne kuma ya hana ki sa maɓallin riga jiya?"

"Kai ka ji da baburanka."

Ya ɗauko tsintsiya.

A makon ne wani ɗan kasuwar tayal daga Morbi, mai suna Kantilal, ya zo hutu ya kafe a teburinta. Sau biyu a rana ɗaya ta jawo kati biyu manne da juna, na ƙasan ya buɗe kowa ya gani. Washegari ta sake. Kuma ko don haka ko don sa'arsa, Kantilal ya yi ta ci. Sai ya riƙa faɗa da ƙarfi cewa hannun Zelia-ben, wato 'yar'uwa Zelia, hannun arziki ne, in ta tafi hutu shi ma ya tashi ya jira ta. Duk lokacin da ya faɗa sai ta ji kamar ta toshe masa baki.

Ranar Alhamis da tsakar rana aka dafa kafaɗarta. Madam Tshering ce, shugabar masu lura da tebura, 'yar Sikkim, wadda ma'aikata ke cewa sau ɗaya aka taɓa ganin haƙorinta.

"Tafa hannu. Ana neman ki a sama."

Zelia ta tafa hannu, ta bi ta. Sama ɗakin kyamarori ne, kuma wanda aka kira can ba ya dawowa tebur. Daga nan sai kwale-kwale, da mai gadi a gefensa.

Gaonkar, mai kula da ɗakin, bai ce ta zauna ba. Ya kunna hoton teburinta, ya rage masa gudu. Ta ga kanta a allo. Ta ga hannunta na hagu ya sauka gefen tebur ya yarfe, ta murza babban yatsa sau uku, sannan ta ja karta. Ya nuna mata na Talata, ya nuna na Laraba. Duk iri ɗaya.

"Kafin kowane kuskure sai kin yi wannan," in ji Gaonkar. "Wa kike yi wa alama? Mutumin Morbi?"

Sai a lokacin ta gane abin da ta jawo wa kanta. Ta ɓoye ciwo don kada a sallame ta, ga shi ɓoyewar ta mayar da ita ɓarauniya. In aka kore ta da wannan sunan, babu jirgin da zai ɗauke ta, kuma kafin yamma labarin ya kai Ribandar.

"Ba alama ba ce, Yallaɓai," ta ce. "Yatsun ne. Ba na jin su. Wata uku ke nan."

Gaonkar ya taɓe baki. "Kowa da abin da yake faɗa a ɗakin nan."

Madam Tshering ta matso kusa. Ta buɗe sabuwar karta ta ce wa Zelia ta rufe ido ta miƙo hannun dama. Ta sa mata wani abu tsakanin yatsu.

"Nawa?"

"Biyu."

"Yanzu fa?"

"Huɗu."

"Kawo na hagun. Nawa?"

Zelia ta murza, ta sake murzawa. "Ɗaya?"

"Buɗe idonki."

Babu komai a hannunta. Katin ya riga ya zame ya faɗi ƙasa tun ɗazu, ita tana ta murza iska.

Madam Tshering ta sauke ajiyar zuciya, ta jawo kujera ta zauna. "Kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba saboda ke," ta ce. "Na ce wa Gaonkar, in Zelia ta yi sata to ni ma a bincike ni. Shashasha kawai! Mu uku a jirgin nan aka yi wa aikin wannan ciwon." Ta naɗe hannun rigarta ta nuna wani ɗan siririn tabo a wuyan hannunta. "Kin ɗauka don ado nake sa agogo a nan?"

Zelia ta so ta yi dariya, sai kuka ya zo. Gaonkar ya kashe allon, ya tura mata kwalin tishu ba tare da ya dube ta ba, ya ce rahotonsa dai sai ya rubuta.

Likitan da ta gani a Panaji ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ciwon masu ɗinki da masu buga rubutu. Ya yi mata faɗa kan jinkirin da ta yi. Aikin da ya yi mata a wuyan hannun bai kai rabin awa ba. Ya ce jin zai dawo, amma kada ta sa masa rana.

Ba a sallame ta ba. Makonni bakwai ta yi a kan doguwar kujerar masu lura da tebura, hannu a naɗe, tana kallon wasu suna rabawa. Ta gano tana hango kuskure tun kafin a yi shi, daga yadda kafaɗar mutum take tsayawa. Madam Tshering ta ce in tana so ta zauna a kujerar dindindin. Zelia ta ce a bar ta ta yi tunani. Ƙasan ranta, so take ta fara sanin ko yatsun za su dawo, don in ta bar tebur ya zama ita ta bari.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, suna cin abincin rana, tana zare ƙayar kifi da hannun hagu don na dama ya ɓaci da miya. Sai ta zabura.

"Wash!"

Inacio ya ɗago kai. "Mene ne?"

Ta dubi babban yatsanta. Ga 'yar ƙaya nan ta soke shi, jini ɗigo ɗaya ya fito. Ta zare ta, ta sake dangwala ta a yatsa na biyu, a hankali. Ta ji. Na ukun ma ta ji, ko da yake kamar daga nesa.

"Da zafi," ta ce. "Inacio, da zafi sosai!"

"To ki daina soka wa kanki mana, mahaukaciya."

Ta sake yi sau ɗaya, sannan ta ture masa kwanonta ta ce ya ƙara mata shinkafa.

Ta koma tebur a watan Nuwamba, ta yi shekara biyu tana rabawa. Bayan nan ta je da kanta ta ce wa Madam Tshering yanzu tana son kujerar. Har yau tana can, aikin rana, tebura huɗu a ƙarƙashin idonta.