Cittar da Aka Shanya a Hanyar Tsere

Kafanchan

Na bar gida ƙarfe biyar saura kwata ranar Asabar, Ladi a bayana, watanta bakwai. Mijina Bulus makanikin babur ne. Tun Juma'a ya tafi Zonkwa, wai wani dillalin babura ya shirya tsere. Da yamma ya aiko a gaya mini in zo, domin ba a barin mutum ya shiga sai wani nasa ya dangwala yatsa a takarda. Ni ban taɓa ganin tsere ba, amma na ga ƙafafun da babur ya karya.

Bas bai cika ba sai shida da rabi, kuɗin mota naira huɗu. Na sayi ƙosai a tasha.

Madakiya

Nan 'yan sanda suka tsayar da mu, bakwai da minti goma. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Madam, ina zuwa da sassafe?" Na gaya masa. Ya ce, "Mijinki na ciki? To kin taho da man zafi?" Duk motar aka yi dariya, ban da ni.

Zonkwa

Mun sauka ƙarfe takwas. Filin yana bayan gari, mil biyu, kuma an tare hanyar da durom, don ita ce hanyar tseren. Dole na taka da ƙafa. A wata kwana mai gangara, kusa da gidaje huɗu, na tarar da wata tsohuwa da surukanta suna baza citta, har ta cinye rabin hanya.

Na ce, "Mama, ba ku ji za a yi tsere ba?"

Ta ce, "Tseren wa? Tun ba a haife ki ba a nan nake shanya. Rana ta yi sanyi mu kwashe."

Daga nan na ƙara sauri zuwa filin.

A fili na sami Bulus da hular kwano ta aro, ta yi masa yawa. Magatakarda ya karanta mini takardar: in ya ji rauni ko ya rasu, ba ruwan kowa. Ya miƙo tawada. Na cusa hannuna cikin zani.

Bulus ya ce a hankali, "Maman Ladi, kar ki ba ni kunya a gaban mutane."

Na ce, "Baban Ladi, kun duba hanyar?"

"Sau uku muka zagaya jiya da yamma. Tsaf take."

"Da yamma an riga an kwashe citta. Je ka gani yanzu."

Dillalin ya ce, "Yau kuma mai goyo ce za ta koya mana hanya?" Sai wani cikin masu tseren, Malam Sani mai faci, ya cire hularsa ya ce, "Alhaji, citta a ƙarƙashin taya sabulu ce. Ni ma ina da iyali. Mu je."

Tsohuwar ta ce ko gwamna ne ya zo ba ta kwashewa. Masu tseren, su goma sha biyu, da rigunan tserensu, suka durƙusa suka tattara, suka kai mata kan dutsen bayan gida, tana binsu tana faɗa kar a taka. Sai da na bi kwanar na share da ƙafata, sannan na dangwala, sha ɗaya da rabi.

Ban kalla ba. Na zauna gindin mangwaro ina ba Ladi nono, ina addu'a. Duk sanda ƙarar baburan ta yi nisa wajen kwanar, sai in kasa kunne har ta dawo. Bulus ya zo na biyar, da ƙafafunsa biyu.

Gida

A babur ɗinsa muka koma. Na ce in ya yi gudu zan sauka. Wajen Madakiya har mai keke ya wuce mu, ya juyo ya ce, "Oga, mai ya ƙare ne?" Bulus bai ƙara gudu ba. Mun shiga gida biyar da rabi. Na gode wa Ubangiji, na gode wa Malam Sani da ya saurari mai goyo.