Dikko Mai Gadin Gamba

Dikko bafillace ne, a bayan shanu ya tashi, har fari ya cinye garkensa. Sai ya ɗauko matarsa Safina suka zauna a gefen garin Cadawa, kusa da wani kwazazzabo da ke cin unguwar kowace damina. Ruwa idan ya sauko daga tudu, katanga yake kwashewa, wani lokaci har da ɗaki.

Da hukumar gari ta sa aka dasa ciyawar gamba da itatuwan bedi a bakin kwazazzabon don saiwoyinsu su riƙe ƙasa, sai aka nemi mai tsare wurin daga dabbobi. Mai unguwa ya ce Dikko ya dace, tunda ya san halin saniya. Haka mutumin da ya saba nema wa shanu ciyawa ya koma korar su daga ita.

Wata bazara ruwa ya yi jinkiri. Ƙanensa Faruku ya iso da shanu duk ƙashin haƙarƙari a waje, wata ma da ƙyar take ɗaga ƙafa. Suka gaisa, Safina ta dama masa fura, sannan Faruku ya roƙi a bar shanun su ɗan taɓa gambar.

Dikko ya daɗe yana duban shanun. Ya gane jikokin wata saniyar babansu a ciki. Ya kuma dubi gidajen da ke bakin ramin.

"Faruku, in suka ci ta har ƙasa, ruwan farko zai shiga ɗakunan mutane. Amana aka ba ni."

"To, Hamma," in ji Faruku. Ya kaɗa shanunsa ya yi kudu.

Damina ta zo da ƙarfi, gambar ta riƙe, ba gidan da ya faɗi. Mutanen unguwa suka yi ta sa wa Dikko albarka, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai. Ya aika wa Faruku gaisuwa ta bakin masu zuwa kasuwa, ba amsa. Daga baya ya ji rabin garken ya zube a hanya.

Bara aka kawo labarin rasuwar Faruku a hayin iyaka. Dikko ya je ta'aziyya, 'ya'yan mamacin suka shimfiɗa masa tabarma tare da baƙi, babu wanda ya kira shi Bappa.

Yana nan har yanzu bakin kwazazzabon da sandarsa. Bedin sun yi inuwa, mata na talla a ƙarƙashi. Safina ta ce ya daina shan nono, kuma ba ta tambaye shi dalili ba.