Sanobar da Tsiron Alkamar da Ya Sha Rana

Kafin ladanin unguwarmu ta Tutzor ya gama gyaran murya, Sanobar ta riga ta yayyafa wa ƙofar gida ruwa ta share, ta hura tanderu, ta ɗora shayi. Haka take kullum. Amma idan watan Maris ya kama, ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara fure, sai ka rantse mata uku ne suke yawo da ɗankwali ɗaya. Da hantsi tana bakin titi da bokiti, ita da matan gayya suna shafa wa gindin itatuwa farar ƙasa. Da azahar tana makaranta, bakinta cike da allurai, tana gwada wa 'yan mata rigunan rawar bikin Nawruz, bikinmu na shigowar sabuwar shekara. Da la'asar tana gida tana lallashin surukarta ta sha maganin hawan jini. Ba wanda ya taɓa ganin ta shanye kofin shayi da zafinsa.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana shugabancin kwamitin iyaye na makarantar unguwa. Bana autarta Nigora za ta kammala, ita kuma za ta sauka. Ba za a yi mata taro ba, don da an kira taron ita za a sa ta dafa abincin. Shi ya sa ya dace a rubuta ko da abu ɗaya daga cikin abin da idanunmu suka gani.

Surukarta, Inna Tursunoy, shekara arba'in ita ke riƙe da muciyar sumalak na unguwa, abincin zaƙi na bikin Nawruz. A ƙofar gidanta ake girka babban kasko duk Nawruz, a tace ruwan tsiron alkama a haɗa da gari, a yi ta tuƙi har ya yi ja ya yi zaƙi ba tare da an sa masa ko ƙwayar sukari ba. Bana guiwa ta hana tsohuwar tashi. Ta kira Sanobar, wadda har yau, bayan shekara ashirin da shida da aure da 'ya'ya huɗu, ba ta kiran ta da komai sai amarya.

"Amarya, ga muciya. Aro na ba ki. In ya yi ɗaci, kasko ya koma wani gida, kuma ni ba zan ƙara fita ƙofa ba sai a makara."

"To, Inna."

Sanobar ta jiƙa alkama, ta baza a manyan faranti goma sha biyu, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a ɗakin baya inda babu taga. Duk yarinyar da ta girma a nan ta san dalili. Tsiron sumalak fari ake so, gajere. Da ya ga rana ya yi kore, ɗaci ya shige shi, ko akuya sai ta yi shawara.

Ana cikin haka babbar 'yarta ta haihu a garin Kokand, aka sa ranar bikin sa jariri a ɗan gadonsa na farko. Uwa ba ta da hanyar ƙin zuwa. Ta tsaya a kan mijinta Ergash, tsohon malamin gona da ya yi ritaya bara, ta yi masa bayani sau uku.

"Baban Nigora, safe da yamma, yayyafi kawai. Ka mayar da ƙyallen. Ka ja ƙofa."

"Haba, Maman Nigora! Ni za ki koya wa alkama? Shekara talatin ina koya wa gunduma guda noma."

Kwana biyu ta yi. Ta dawo da hantsi, jibi girki, ta shigo tsakar gida da ƙullin gurasa a hannu, sai ta tsaya cak. Faranti goma sha biyu a jere a kan dakali, rana ta buɗe musu, kore shar kamar filin ƙwallon babban birni. Ergash yana tsaye a gefe da butar ban ruwa, ya sa hularsa ta zuwa biki.

"Kin gani? Na iske su fari fat kamar marasa lafiya. Duhu zai kashe su. Dubi yadda suka farfaɗo!"

Maƙwabciyar da ke shanya a kan katanga ta ce ta rufe ido tana jiran ƙarar faranti a kan hula. Ba ta ji komai ba. Sanobar ta ajiye gurasa, ta tsinki tsiro ɗaya ta tauna, ta tofar.

"Inna ta gani?"

"Tana ɗaki tun jiya, guiwa."

"Allah ya ƙara wa guiwar nan kwana ɗaya," in ji Sanobar a hankali, sannan ta ce, "Astagfirullah."

Sabon tsiro sai ya yi kwana biyar. Na kasuwa kuwa an saye tun makon jiya. Da wata ce, da ta kwanta ta ɗaura ɗankwali a goshi. Ita kuwa ta dubi agogo, ta ga akwai taron kwamiti ƙarfe biyu, ta wanke fuska ta tafi, don ta yi alkawarin kai zare.

A makaranta ta tarar da Malama Dilrabo, wadda aka ɗora wa kwalliyar biki, zaune a kan benci tana share hawaye da gefen mayafi.

"Yaya Sanobar, na shiga uku. Jibi manyan gunduma za su zo duba teburin Nawruz. Kowane aji na sa sun shuka alkama don a jera kore a gaban baƙi. Da aka zo fentin azuzuwa sai aka kwashe duka aka zuba a ɗakin gawayi aka kulle. Mai shara tana ta ba su ruwa a cikin duhu, baiwar Allah, ba ta gaya wa kowa ba. Yanzu na buɗe."

"Sun mutu?"

"Da ma sun mutu! Fari fat, kamar gemun liman."

Malama Dilrabo ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin mutum ya ji mugun labari fuskarsa ta yi haske haka ba.

"Faranti nawa?"

"Ƙanana ne, sun fi sittin."

"Tashi, ƙanwata. Share hancinki. Nuna mini gemun nan."

Sanobar ta tsuguna a ɗakin gawayi ta tauna tsiro daga faranti bakwai daban-daban. Zaƙi har kunne.

Tsohuwar motar Ergash ce ta yi jigila, sahu huɗu. Kore ya tafi makaranta, fari ya dawo gida, duka a lulluɓe da barguna. A sahu na uku guiwar Inna ta yi sauƙi, suka same ta zaune a kan kujera a ƙofar gida da sandarta.

"Kai, Ergash, ina za ka da bargunan gadona?"

"Makaranta, Inna."

"Da furfurarka? To, Allah ya sa wannan karon ka gane wani abu."

Ranar girki mata suka taru tun safe. Aka niƙa, aka tace, aka zuba a kasko, aka jefa duwatsu bakwai a ƙasan kaskon don kada ya kama. Kowa ta karɓi muciya ta tuƙa ta yi addu'arta, masu neman miji suka fi kowa daɗewa. Sanobar tana tuƙi, tana amsa wayar makaranta, tana ɗinke hannun rigar Nigora da ya ɓalle. Da aka gama aka rufe kasko aka bar shi ya huce.

Washegari da safe aka tallabo Inna Tursunoy. Aka ɗaga murfi. Tsohuwar ta lakata da ɗan yatsa, ta sa a baki, ta daɗe tana juya harshe, tana kallon ɗanta da ya ɓuya a bayan wata mai jiki.

"Alkamar nan," in ji ta, "ta yi makaranta."

Ta nuna tagar ɗakinta da sanda.

"Tagata tana kallon dakali, ku da kuke zaton guiwa a ido take. Shekara arba'in ina tsare tsirona daga kaji da ɓeraye, ban taɓa tsare shi daga malamin gona ba. Wannan aikin ya fi nawa." Ta miƙa muciya. "Karɓi, Sanobar. Ba aro ba ne."

Matan suka ɗauki guɗa. Sanobar ta juya tana waige, don ta ɗauka wata ake kira. A bakin surukarta ba ta taɓa jin sunanta ba.

Teburin makaranta kuwa shi ya zo na ɗaya a gunduma. Aka tambaya wa ya raini tsiro mai kyau haka, Malama Dilrabo ta faɗi gaskiya. Takardar yabo tana nan a bangon ɗakin Ergash, cikin gilashi, kuma duk baƙon da ya shiga sai ya karanta ta kafin a ba shi shayi. Ita da ta yi jigilar ba ta da ko guntun takarda. Ita ce ma take goge gilashin ranar Juma'a.

Ke ce, Sanobar, wadda aka ɓata wa aikin mako guda, kika tafi taro da zare a jaka don kin ce za ki kai. Da kin zauna kina kuka, da yau kasko yana wani gida, malama tana amsa tambayoyi, mijinki kuma yana kwana a mota. Ke ce uwar gayya, mai shan shayi da sanyi. Yaran da kika ɗinka wa riguna yau wasu suna koyarwa a azuzuwan da kika share, itatuwan da kika shafa wa farar ƙasa sun fi rufin gidaje tsawo.

Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar guiwa fiye da ta Inna, ya raya jikanki, ya sa ki ga Nawruz masu yawa da muciya a hannu.

Kujerar kwamiti za ta zama babu kowa a watan gobe. Iyayen Tutzor, kada kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa ranar zaɓe. Wata ta tashi ta karɓa, wani ya ɗauki bokitin farar ƙasa ba sai an aiko ba. Ku kuma mazan unguwa, ku taimaka, muna so. Amma in kuka ga matar gida ta rufe abu da ƙyalle ta ja ƙofa, don Allah ku bar shi a duhunsa.