Mai Kakkaɓe Takalma a Zhanxi Lu

Wai ku da kuke ganin Illa a titin Zhanxi Lu yana kifa takalmi yana buga shi a ƙasa, sai ku ce taɓin hankali ne ko? To ku bari dariya tukuna.

Illa mutumin Nijar ne. Kafin ya zo birnin Guangzhou na China ɗaurin kaya, a wani sansanin tantuna ya yi aiki, can ƙuryar daji, inda Turawa ke kwana don su ga giwa da ɓauna. Ba wuta, ba kwalta, asibiti kuwa sai an kusa wuni a mota. Shi ke kafa tanti, matarsa Mariam ke girki, 'yarsu Fasuma na bin su tana tatata da wani ɗan jan takalmi da ya sayo mata.

Kullum da asuba sai ya bi ƙofar tantuna ya kakkaɓe takalman baƙi, don kunama na son shigewa ciki. Na Fasuma yake fara yi. Ranar nan baƙi suka cika, ana ta "Illa, ruwan zafi! Illa, zo!" Ya yi na Turawa kaf. Bai yi nata ba.

Ihunta ɗaya ya ji. Motar sansanin kuma ta riga ta fita da baƙi kallon namun daji. Ya goya ta ya yanki daji a guje, Mariam na binsa ba ɗankwali. A bayansa ta cika.

Daga nan ko ƙyallen tanti ba ya son gani. Wani ɗan garinsu ya jawo shi China, ya haɗa shi da Hajiya Jumai, 'yar Kano mai sarin takalman yara. Aikinsa ya cusa a kwali ya ɗaure. Amma wallahi ko ƙafa dubu ce, sai ya kifa kowanne ya buga.

Ɗan China mai shagon da take sari har ƙyaƙyatawa yake, yana nuna cikin takalmin: "Meyo! Meyo!" Wai ba komai.

Hajiya ta gaji. "Haba Malam Illa! Sabo ne dal daga kamfani. Wace kunama ce za ta biyo ka China, biza gare ta? Kwantena ta tafi ta bar ni saboda kai. Ko ka daina, ko in nemi wani."

"To, Hajiya. Na daina."

Yana son aikin nan, da shi yake riƙe Mariam a gida. Ya cusa baƙaƙe, ya cusa farare, yana cije leɓe. Sai ga buhun jajaye, 'yan ƙanana. Ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya kifa, ya buga.

Da yamma Hajiya ta sallame shi. Bai gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

To kai mai dariya, da kai ne, da ka cusa jan takalmin nan haka?