Goran Nonon Uwar Kimaiyo

Ku matso ku zauna, shayin bai huce ba tukuna. Yau labarin Kimaiyo zan ba ku, mutumin nan da kuke gani da safe a bakin filin makaranta, agogo rataye a wuya, yana ɗingishi. Ni da shi rana ɗaya aka yi mana kaciya, shi ya sa har gobe "bakule" muke ce wa juna. Ba na kama sunansa a gabansa, ba ya kama nawa.

Gidansu na can gangaren Nandi, bayan gonakin shayi. Uwarsa, Tabutany, shanu huɗu gare ta, amma duk yankin babu mai hannunta a mursik, wato nonon gora. Za ta ƙona reshe ta goge cikin gora da bakin gawayin, ta zuba dafaffen nono, ta toshe, ta rataye kwana biyar. In aka buɗe sai ka gan shi toka-toka, ƙamshin hayaƙi na tashi. Da shi ta raini Kimaiyo, da shi da tuwon masara.

Dukanmu mun yi gudun zuwa makaranta, amma nasa daban ne. Tseren mita dubu da ɗari biyar ya kama. Sai ya lafe a bayan mutane kamar mai gyangyaɗi, har a kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, sannan ya farka. Nakan ce masa, "Bakule, ƙararrawar aji ba ta taɓa shiga kunnenka ba, sai ta fili." Ya ce, "Ta aji ba a ba da kofi."

Yana da shekara ashirin da biyu ya ci na ƙasa, a shekarar kuma ya ciwo zinariya a Turai. Muka cika mota muka tafi Eldoret tarbarsa a filin jirgi. Tabutany ta rungume goranta a cinya tun daga gida, ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba. Da ya fito aka rataya masa ganye a wuya, ta ɗaga goran da hannu biyu, ya sunkuya ya sha, masu hoto na ta ƙyasta fitila. Nan ne wani mai babban ciki ya karɓi lasifika ya ce, "Wannan gora na zakaru ne. Wanda ya ci, shi ke sha." Aka yi tafi. Da Turanci ya faɗa, tsohuwa kuwa harshenmu kaɗai take ji, sai ta yi murmushi tana goge wa ɗanta baki da gefen zani. Shi kuwa ya ji sarai, ya kuma ajiye maganar a ransa.

Shekara biyu yana ci, muna zuwa da gora. A ta uku, ana saura mita ɗari biyu a gama wani tsere, agararsa ta tsinke. Aka ɗinke, ya warke, ya koma fili, amma in ƙararrawa ta kaɗa ƙafar ba ta amsawa. Ya zo na bakwai, ya zo na tara. Daga nan ya zama zomo, wato wanda ake ɗauka ya ja wa zakaru gudu zagaye biyu da rabi, sannan ya kauce gefe ya bar musu fili. Mutumin da duk ƙarfinsa na bayan ƙararrawa, ga shi yana fita kafin a kaɗa ta.

Ya kama ɗaki a Eldoret. Tafiyar awa biyu ce zuwa gida, amma ya daina zuwa. Na same shi wata rana yana wanke takalma.

"Bakule, tsohuwa na tambaya."

"Ka ce mata ina horo."

"Horon shekara uku? Ai ko jaki ne ya isa ya iya karatu."

Ya yi 'yar dariya, bai ɗago ba. "Da wace fuska zan je? Ka taɓa ganin an tari zomo da gora? Bari in ci ko guda ɗaya, ko ƙarami ne."

Ya ba ni bargo da sukari in kai mata. Ni ma fa, kada in yi muku ƙarya, na ɗauka yana da gaskiya.

Na tarar da ita a ƙofar ɗaki, ta rame, tana goge gora da gawayi. Ta shafa bargon ta tura gefe.

"Yaushe zai zo?"

Na ce, "Iya, ai bai ci ba ne har yanzu."

Ta dube ni a firgice. "Ba ya cin abinci?"

"A'a, tseren nake nufi. Yana jin kunyar ya zo ba abin da zai sha gora da shi."

Ta kalle ni kamar wanda ya yi magana da wani yare. Sannan ta ce, "Ni me ya haɗa ni da tserensu? Wanda ya yi tafiya ya dawo da ƙishi ake ba gora. Ubansa sau nawa ya kai bijimi kasuwa ya dawo da shi bai sayar ba? Na hana shi ne?" Ashe duk lokacin da ta ji an ce jirginsu ya sauka sai ta cika gora ta rataye. In kwana biyar suka zama goma, ta sauke ta ba maƙwabta.

Ranar na kira shi. Yana Turai. Na maimaita masa maganarta kalma bayan kalma. Sai ya ce, "Saura tsere biyu in ja musu, na riga na yi alkawari. Sati biyu, bakule. Ka ce mata ta cika."

Ta lissafa kwanakin da yatsu. Rana ta tara ta dafa nono da kanta, tana tari, ta zuba ta toshe don ya nuna daidai da isowarsa. Rana ta sha ɗaya ta rasu.

Ni kaɗai na je filin jirgi. Da muka iso gida ya wuce mutanen da ke zaman makoki, ya shiga ɗakinta. Goran na rataye a inda ta bar shi. Ya sauke shi ya ɗora a cinya, ya sa yatsa a kan marfin, bai buɗe ba.

"Bakule, wannan ne na ƙarshe da ya fito daga hannunta. In na sha, ya ƙare. In na bari, ta cika a banza ke nan. Ya zan yi?"

Ya mayar da goran ya rataye. Bai sake tsere ba, ko na zomo. Shekara goma sha huɗu ke nan, nonon ya daɗe da bushewa a ciki, shi kuma bai ƙara kai mursik bakinsa ba, na kowa. In na je gidan, yakan dubi goran, ya dube ni, kamar har yanzu yana jiran amsa.

To ku da kuka saurara, da ku ne a ɗakin nan ranar, me za ku ce masa?